Alayyahu ko tumatir, da wanne za ki fara?

Yar uwa da kika yi tambaya jiya cewa kina da ɗan fili bayan kicin da tsofaffin buhunan shinkafa guda huɗu, kin rasa tsakanin tumatir da alayyahu wanne za ki fara shukawa, bari in ba ki nawa tunda duka biyun na taɓa, kuma tumatir ɗin sai da ya kusa sa ni kuka.

Shi alayyahu ba ruwansa da fi'ili. Irinsa ƙanana ne sosai, sai ki cakuɗa shi da ɗan yashi ki barbaɗa a saman ƙasa, kar ki binne da zurfi. Kwana 3 zuwa 5 ya leƙo, sati 3 zuwa 4 kin fara yankowa kina zubawa a miyar taushe ko fate. In kin yanke sama kin bar gindin da ganye kaɗan zai sake tofowa ki ƙara yanka, har sai ya fara fidda kai, shi ma kan ki bar shi ya bushe kin samu irin gaba kenan. Zafi bai cika damunsa ba in dai yana shan ruwa safe da yamma, kuma rabin buhu na ƙasa ya ishe shi.

Tumatir kuwa wani aiki ne daban. Sai kin fara rainonsa a ɗan roba kamar sati 3 ko 4, sannan ki yi dashe da yamma in rana ta yi sanyi, gindi ɗaya tak a kowane buhu cike da ƙasa, ki kafa masa sanda ki ɗaure, yana son rana ta aƙalla awa 6, daga nan kuma ki zauna zaman jira wata biyu da wani abu kafin ki ga ja. Ni kuskurena lokaci ne, a Maris na dasa nawa, ya yi kore shar ya yi fure gwanin sha'awa ina ta ɗaukar hoto ina turawa yan gidanmu, zafin Afrilu na zuwa furen ya dinga kakkaɓewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya daure ya yi ƴaƴa kuma gindinsu ya yi baƙi saboda yau in ba shi ruwa gobe in manta. Ashe ba banza manoman Kura da Kadawa ke jiran sanyin hunturu ba. Ga kuma tsutsar nan Tuta absoluta da ke shiga cikin ganye tana ci, wadda a 2016 ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, to har buhun bayan kicin tana iya zuwa. Shi ma alayyahu tsutsa na huda masa ganye, amma ki jiƙa ganyen darbejiya ya kwana ki tace ki yayyafa, ana samun sauƙi.

Inda suka haɗu shi ne taki da ɓarna. Kashin awaki ko tumaki wanda ya ruɓe za ki gauraya da ƙasa, ɗanyen kashin kaji ƙona su yake, ki huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa fita, ruwan wanke-wanke mai omo kuma dan Allah kar a zuba. Kaji da ƙadangaru kuwa basu san wahalarki ba, tsohon gidan sauro nake rufawa.

Da ni ce ke, buhu uku alayyahu zan zuba yau ɗin nan, na huɗun in ajiye shi sai wajen Oktoba in raini tumatir, kafin lokacin hannunki ya saba da ban ruwa. Af, irin tumatir ɗin ki saya a shagon masu kayan noma, kar ki matse na cefane kamar yadda na yi.