Motar da aka yi wasiyya kada ta je Afirka

Tsohuwar da ke zaune a ƙasan benenmu nan Hambug ta ƙasar Jamus mijinta ya rasu bara, ya bar mata mota a gareji. Da yake ta san sana'ata lodin motoci ne zuwa Kwatano, kuma ni nake ɗauko mata katan ɗin ruwa daga kanti, sai ta roƙe ni in sa mata tallar motar a intanet. Na zauna a falonta, tana faɗa ina rubutawa. Audi Quattro ce ƙirar 1985, ja, mai ƙofa biyu, hannu ɗaya tun tana sabuwa, ba ta taɓa haɗari ba. Can ƙarshe ta ce in ƙara layi guda: ban da dillalai, ban da masu fitar da mota waje. Ta dube ni ta ce kada in ji haushi, wasiyyar marigayi ce, ya ce ko ta halin ƙaƙa kada motarsa ta ƙare a Afirka.

Da hannuna na rubuta, ina murmushin yaƙe. Abin ya tsaya mini a maƙogwaro, domin a nan garin, a titin Billstraße, kullum ana cusa wa tsofaffin motoci firiji da katifa da tayoyin gwanjo ana tura mana. Motar da ta faɗi gwajin TÜV, wato gwajin lafiyar mota da doka ta ce a yi duk shekara biyu, wadda kuɗin gyaranta ya fi ƙarfin mai ita, ba a taɓa yin wasiyya a kanta. Ita ce take sauka wajenmu a wanke ta, a kira ta Beljiyam, a yi mata walima. Mai kyan kuwa an ce ba mu cancanta ba.

Sai ta ba ni makulli muka je garejin. Da na yaye mayafin, bakina ya mutu. Fentin kamfani ne a jikinta, ba a taɓa sake shi ba. Kujerun ba su fashe ba, agogon gudu irin na lantarkin nan ne mai kore, yana ci lafiya lau, rediyon kaset ɗinta na asali na nan a mazauninsa. A kujerar baya akwai manyan fayil biyu. Kowane juyen baƙin mai, kowane bel, kowace taya, har ƙwan fitila, da rasit ɗinsa da kwanan wata da kilomitar da motar take a ranar. Na farkon da kuɗin Mark aka biya, kafin Yuro ya zo, kafin ma a rushe katangar Balin. Akwai ƙaramin littafin sabis, kowane shafi da hatimin gareji. Lambarta ta ƙare da harafin H, wadda ake bai wa motar da ta cika shekara 30 kuma masani ya duba ya tabbatar ba a sauya mata kama ba. Mai irin wannan lamba harajinsa Yuro 191 da 'yan kai ne a shekara komai girman injin. Tsohon bai taɓa fitar da ita da hunturu ba saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe.

Ga wanda bai san ta ba, wannan ce motar da Audi ya nuna a baje kolin motoci na Janeba a 1980, mai silinda biyar da turbo (na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 200, tana ja da ƙafa huɗu a lokacin da galibi jif da motocin soja aka sani da haka. Guda 11,452 kawai aka ƙera har aka daina a 1991. Da ita Michèle Mouton ta ci tseren motoci na Sanremo a Italiya a 1981, mace ta farko da ta ci zagaye a gasar duniya ta irin wannan tsere, kuma da ƙanwar motar mai gajeren jiki Stig Blomqvist ya ci tseren Kwaddibuwa a 1984. Kun ga ashe ta taɓa zuwa Afirka, ta sha jar ƙasa ta dawo da kofi. Na so in gaya wa tsohuwa haka, na dai haɗiye.

Na tura wa yayana hotonta a Kano, na gaya masa Yuro dubu 62 aka sa mata. Ya kira ni nan take. Ya ce, "Kai, akwala mai ƙofa biyu? Ko iyali ba za ta ɗauka ba. Da wannan kuɗin ai sai ka sayi jif ka gina shago." Na ce, "Yaya, takardun da ke cikinta ake saye." Ya yi dariya har da tari.

Duk da layin da muka sa, waya ba ta huta ba. Rabin masu kiran ko gaisuwa babu, sai "nawa ƙarshe?" Jamusawa sun mayar da wannan tambaya abin ba'a, da ita suke kwaikwayon baƙi. Wani ya taya dubu 20 bai ga motar ba, ya ce kuɗin na aljihunsa yanzu. Daga muryarsa na san ɗan uwanmu ne na Afirka ta Yamma, irin masu saƙala ɗan katin neman sayen mota a gilashin motocin mutane. Na ce masa albarka da Jamusanci, na kashe.

Wanda ya saya wani dattijo ne daga kudancin Jamus, ya zo da tirela da bakanikensa. Da ya gan ni riƙe da makulli sai ya tambayi tsohuwa, a gabana, ko ni mai wankin motar ne. Ta ce maƙwabcinta ne, shi ke kula da cinikin. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma aikin da suka yi ya burge ni. Sharaɗinsu tun a waya shi ne kada a tayar da injin kafin su iso, suna so su ji shi da sanyinsa. Bakaniken ya fito da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu yana ɗora ta a ƙofa, a bonet, a rufi, tana nuna kaurin fenti, don in an taɓa cike wani wuri da foti ta tona. Ya kwanta a ƙasa da tocila yana ƙwanƙwasa ƙarfen gindi. Ya gwada lambar inji da ta cikin takarda. Maigidan nasa kuwa gilashin ido ya saka ya zauna da fayil, yana bin kilomita rasit bayan rasit ya ga ko akwai inda lissafi ya koma baya. Mayar da mita baya a nan laifi ne da kan kai mutum gidan yari. Bayan sun zaga da ita sun dawo, bai kashe ba, ya bar ta tana aiki na minti guda yana kallon agogo, don mai ya sanyaya turbo. Tsohuwa ta ce haka mijinta yake yi, ta juya tana share ido.

A nan ne haushin wasiyyar ya fara komawa kan mu. Mu faɗi gaskiya, da motar nan ta sauka a gida, ranar farko bakanike zai zare tamostat ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Zai ɗaure fanka da waya ta yi ta juyawa. A zuba ruwan rijiya a lagireto, a sayi baƙin mai na awo a bakin titi. Turbo ya fara hayaƙi, a ce a toshe shi, wahala ce kawai. Shekara biyu a kai ta wajen mai fenti a sauya launi saboda biki, a sa mata baƙin gilashi da fitilu masu walƙiya. Rasit kuwa, wa ya taɓa tambayar bakanike rasit? Ba hannu muka rasa ba. Mutanen Ƙofar Ruwa da Panteka suna tayar da motar da Bajamushe zai ce ta mutu, da guduma da basira kawai, kuma ina kewar yadda za ka zauna a benci a kawo maka shayi ana gyara ana hira. Nan sai ka nemi ranar ganin bakanike kamar ta ganin likita, kuma kuɗin awa guda na aikinsa zai ciyar da gida a Kano kwana da kwanaki. Riƙo ne ba mu da shi. Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 ta cika kowane gari, amma a nuna mini guda ɗaya a Arewa da fentinta na asali da littafin sabis ɗinta. Ta mahaifinmu na tambayi Yaya, ya ce tuni 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli.

Cinikin kansa bai kai minti biyar ba. Dattijo ya ce tayoyin sun tsufa ko da ba su ci ba, a rage dubu ɗaya. Tsohuwa ta ce to. Babu rantsuwa, babu tashi a yi kamar za a tafi a jawo riga, babu Allah ya sa alheri. Suka sa hannu a yarjejeniya, ya tura kuɗin ta banki, suka jira ya shiga, ta miƙa masa takardar mallaka da fayil biyun da makullai. Ciniki babu daɗi ko kaɗan, amma babu wanda ya kwana da fargaba.

La'ada fa? Ni da na yi talla, na amsa waya, na sha raini, a lissafin gida da na samu abin da zan aiko a yi rufin ɗaki. Su ba su san wannan tsakanin maƙwabta ba. Da yamma ta hau bene da kyar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta kawo kek na tuffa, ta ce ta tabbatar babu giya a ciki, da ambulan mai Yuro 100 da katin godiya. Na gaya wa Yaya, ya ce da a Kano ne ko yaron da ya wanke motar ya fi haka samu.