Awon tayirod da hoton wuya: yadda na ga aikin wani ɗakin gwaji a Kano

Idan likita ya rubuta miki awon tayirod, wato ɗan sashen nan da ke gaban wuya mai samar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ki riƙe takardarsa da kyau, kada ki bari a sauya miki ita a wurin biyan kuɗi. Da wannan nake so in fara sharhina kan wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a nan Kano, inda aka ɗebi jinina aka kuma yi mini hoton wuya. Aikinsu na ciki ya gamsar da ni ƙwarai. Teburin karɓar kuɗinsu ne ya ɓata mini rai.

Tun haihuwata ta baya jikina ya ƙi komawa daidai. Ga kasala, ga barcin da ba ya isata, gashi sai zuba yake a mataji, ƙiba kuma tana ƙaruwa alhali ban ƙara ko loma ɗaya ba. Cikin watan Afrilu, kowa na neman inuwa, ni ina jan bargo. A gida aka ce jego ne, a kemis aka ce taifot da maleriya. Wata likita ce ta shafa gaban wuyana, ta ce in haɗiyi yawu, sannan ta rubuta abu uku: awon jini biyu, wato TSH da T4 (T4 shi ne sinadarin da tayirod ke samarwa, TSH kuma mai umartarsa), da hoton wuya.

Ina miƙa takardar, yarinyar da ke teburin ta ce, "Hajiya, ai gara ki yi cikakken awon homon gaba ɗaya, akwai ragi." Ta turo mini jeri mai tsawo, kuɗinsa ya ninka nawa nesa ba kusa ba. A ciki akwai FSH da LH, sinadaran jiki (homon) masu alaƙa da haihuwa, waɗanda aka saba aunawa a farkon kwanakin al'ada. Akwai furojestaron, shi kuma sai wajen kwana na 21 ga mai zagayen kwana 28. Akwai furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda dama a sama yake ga mai shayarwa, ni kuwa ga goyo a bayana. Ba ta tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ce a yi mini abin da likita ta rubuta kawai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata baiwar Allah da ke bayana, wadda ta kwance bakin zani ta biya duka, don tana ganin yawan awo shi ne samun lafiya. Wannan cin haƙƙi ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Da na shiga ciki sai abin ya sauya. Matashin da zai ɗebi jinin ya tambayi cikakken sunana, ya rubuta a jikin kwalbar ina kallo, ya ɓare sabuwar allura a gabana. Har ya ɗaura mini roba a dantse, sai ya dakata ya ce, "Hajiya, akwai maganin da kike sha? Ko da na gyaran gashi ne ko na farce." Na ciro kwalbar ƙwayar bayotin, wani nau'in bitamin, daga jaka, wadda nake sha saboda zubar gashin nan. Ya juya ta ya karanta, ya kwance robar. Ya ce in ajiye ta aƙalla kwana biyu sannan in dawo, ba sai na sake biya ba.

Bayanin da ya yi mini shi ne, na'urorin awo da yawa da bayotin suke aiki, don haka idan ya yi yawa a jini sai ya rikita lissafin: TSH ya fito ƙasa, T4 ya fito sama, a ɗauka tayirod ɗin mutum gudu yake alhali ba haka ba ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. Ku duba mata nawa ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyi yanzu, ana tallarsu a WhatsApp da Instagram. Tambayar nan tasa guda ita ta sa nake ba wurin shaida mai kyau.

Ba a buƙatar zama da yunwa kafin wannan awo, amma ya ce gara in riƙa zuwa da safe kowane lokaci, domin TSH yana ɗan hawa da sauka tsakanin dare da rana.

Da na koma aka ɗebi jinin, sakamakon ya iso wayata da yamma, kuma an buga ma'aunin lafiya kusa da kowace lamba. Na TSH kusan 0.4 zuwa 4.0 ne, nawa ya haura 10, T4 kuma ya yi ƙasa. Mutane na ruɗewa a nan, suna zaton hawan TSH yana nufin tayirod ya yi ƙarfi. Akasin haka ne. TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wani ɗan ƙaramin sashe ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, aikinsa umartar tayirod ya samar da sinadarinsa. Kamar uwa ce mai kiran yaro: idan bai amsa ba sai ta ɗaga murya. Na san ba aikin ɗakin gwaji ba ne faɗin cuta, amma turo wa mutum takarda mai jan layi ba tare da ko "ki kai wa likitarki" ba ya yi kaɗan. Akwai wadda za ta kwana ba ta runtsa ba.

Hoton wuyan kuwa wata likita ce ta yi, abin da ya kwantar mini da hankali tunda sai an cire mayafi. Ta sa mini matashi a ƙarƙashin kafaɗu, kaina ya ɗan rinjaya baya, ta shafa wani mai mai sanyi, ta riƙa zagaya kan na'urar a hankali. Babu zafi, kuma da sauti yake aiki irin na sikanin ciki, don haka ba ya cutar da mai ciki ko mai shayarwa. Ta juyo da allon ta nuna mini ɓarin dama da na hagu, da ɗan ƙullin da ta gani a dama. Jin kalmar ƙulli gabana ya faɗi. Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, fiye da tara cikin goma na irin waɗannan ba daji ba ne." Ta bayyana mini cewa akwai tsarin auna haɗarin ƙulli da ake kira TI-RADS mai mataki biyar, daga TR1 zuwa TR5. Nawa TR3 ne, bai kai santimita ɗaya ba, kuma a wannan matakin sai ƙulli ya kai santimita 2.5 ake tsira siririyar allura a ɗebo a duba. Duk ta rubuta a rahoto, har da girmansa, don a gwada idan an sake hoto. Ta kuma ja kunnena cewa hoto siffa yake nunawa, jini ne ke faɗin yadda tayirod ke aiki.

Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi ai maƙoƙo rashin gishiri mai aidin ne. Tana da gaskiya, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa aidin a gishirin Najeriya. Amma nawa daban ne. Likitata ta ƙara awo ɗaya, anti-TPO, wanda ya nuna garkuwar jikina ce ke yaƙar tayirod ɗin, abin da kan taso wa mata bayan haihuwa. Wannan awon ba a nan suke yi ba, turawa suke, ya kuma wuce ranar da suka ce zai fito ba wanda ya kira ni.

Yanzu ina shan levothyroxine, maganin da ke cike gurbin sinadarin tayirod, da asuba kafin in ci komai, ina kuma ba da tazarar awa huɗu tsakaninsa da maganin ƙarin jini. Ana sake awo bayan mako shida zuwa takwas da fara magani, kuma wurin nan zan koma, domin na'urori sun bambanta, gara a gwada lamba da lambar na'ura ɗaya. Duk inda za ki je, ki duba ko an rataye shaidar rajistar MLSCN, hukumar da ke sa ido kan ɗakunan gwaji a ƙasar nan. Su masu wurin kuma roƙona biyu ne: su liƙa farashin kowane awo a bango, su kuma hana ma'aikatan tebur tallar awon da likita bai rubuta ba.