Sharhi kan gyaran tantebur da aka yi wa motata a wani gareji da ke Ijora

Duk mai ɗaukar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas ya san cewa gaban tirela a kan tantebur yake zama, wato farantin ƙarfen da ke bayan kan mota, kuma ƙarfe ɗaya tak, wato kimfin da ke ƙasan tirela, shi ke riƙe da ita a jikin kan mota. Sai dai abin da yawancinmu muke kira kula da tantebur bai wuce yaron mota ya lafta sabon giris a kan tsohon da ya cakuɗe da yashi ba. Da direbana ya fara kukan cewa yana jin bugu daga baya duk lokacin da ya taka birki ko ya tashi da kaya, sai na kai motar, wadda DAF ce mai tantebur ƙirar JOST, wani gareji a Ijora da 'yan'uwa masu motoci suka yaba mini.

Ba su fara da giris ba. Sun raba kai da tirela, suka kankare farantin, suka wanke shi har ƙarfen ya fito fes, sannan babban makaniken ya haska tocila ya ce, "Alhaji, matso ka gani da idonka." Muƙamuƙin da ke kama kimfin ya ci ta gefe ɗaya har ya yi ƙyalli, ɗan sakatan da ke hana hannun buɗe tantebur fitowa kuwa ashe da waya aka ɗaure shi, giris ya rufe. Daga nan ya auna kimfin. Wuyan sabon kimfin mai inci 2 yana da kaurin milimita 50.8, kuma idan ya sauka zuwa 49 canji ya wajaba. Nawa bai kai nan ba, don haka bai ce in saya ba, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya bi kusoshin da ke ɗaure tantebur da shasi ɗaya bayan ɗaya, ya duba robobin ƙafafunsa, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ƙasan tirela don ya ga ko farantinta ya lanƙwashe.

Na tambaye shi ko za a iya cike muƙamuƙin da walda kamar yadda ake yi a bakin titi, ya ƙi sam. Hujjarsa ita ce ƙarfen an gasa shi a masana'anta don ya yi tauri, zafin walda kuma yana ɓata wannan taurin, ta yadda zai iya tsagewa ba tare da ya nuna alama ba, ga kwantena mai ƙafa 40 a bayansa. Na yarda da shi, domin kuɗin sabon muƙamuƙi ba a bakin komai yake ba idan aka tuna yadda gadojin Legas suke cunkushe da danfo da masu tafiya a ƙasa.

Bayan an ɗaura sabo an daidaita shi, ya sa direba ya haɗa motar a gabansa. Ya nuna masa cewa ƙasan tirela ya kamata ya ɗan gaza tsayin tantebur, yadda kan mota zai ɗaga ta kaɗan yayin shiga, domin idan ta yi sama da yawa kimfin yana iya hawa kan muƙamuƙi maimakon ya shiga cikinsa. Jin ƙarar kullewa kaɗai ba shaida ba ce. Sai an ja motar gaba a hankali a ƙaramin giya alhali birkin tirela yana kame, sannan a sauko a leƙa da tocila, a tabbata babu rata tsakanin farantan biyu, muƙamuƙi ya rufe a wuyan kimfin, hannu ya koma ciki, sakata ta faɗa.

Littafin JOST ya ce a wanke a sa giris kafin a wuce kilomita 5,000, a yi cikakken bincike duk kilomita 50,000 ko wata shida. Motar da ke zuwa Kano ta dawo tana cin kusan kilomita 2,000, ga ruwan damina a Apapa, ga ƙurar hunturu a hanyar Arewa, saboda haka a ganina gara a gaggauta. Busasshen faranti yana sa mota taurin kai a kwana, direbana ma ya ce sitiyari ya yi laushi bayan gyaran, bugun kuma ya ɗauke.

Inda suka gaza shi ne ba su ajiye kayan gyara. Sai da aka aika kasuwar kayan gyaran motoci ta Ladipo neman muƙamuƙin, motar ta kwana a can, muka rasa lodin da aka ba mu. Ba su faɗi kuɗin aiki tun farko ba, wanda ya zarce na sauran garejoji sosai, kuma ba su ba ni awon a rubuce ba, alhali da shi ne zan gane yadda kimfin ke ci nan gaba. Zan sake kai musu sauran motocina, amma da kayan gyarana a hannu, bayan mun yi ciniki, kuma kowane kai tare da tirelar da yake ja.