Sauƙaƙa juya kan babur mai kujerar gefe: sabon faranti ko ƙafafun Earles?

Babur mai kujerar gefe ba ya kwantawa a kwana, hannu ke murɗa shi, doguwar tafiya kuwa sai kafaɗu su gaji. Maganin shi ne rage tazara tsakanin inda tayar gaba ta taɓa ƙasa da inda layin sitiyari ya sauka.

Canza farantan da ke riƙe ƙafafun gaba, wato ƙarafa biyun da tayar gaba ke tsakaninsu, ya fi araha. Sababbin farantan suna tura tayar gaba kaɗan, tazarar ta ragu, kan ya yi laushi, amma ƙafafun suna ci gaba da lanƙwasawa a kwana.

Ƙafafun Earles, masu riƙe tayar gaba da hannu mai lilo, irin waɗanda BMW ta soma sa wa babur ɗinta R50 a 1955, sun fi tsada da nauyi. Sai dai suna jure matsin gefe, kuma gaban ba ya dulmiya idan an kama birki. Ga mai tafiyar nesa da kaya, su na fi amincewa da su.