Nescafé na ƙaramar leda: yana korar gyangyaɗi kuwa?

A teburin mai shayi, musamman na tasha da na bakin makarantu lokacin jarrabawa, za ka ji ana cewa "a sa mini Nescafé, barci nake ji." Jin barci kuwa mataki-mataki ne. Akwai magagi, wanda ke kama mutum idan ya farka bai wartsake ba. Akwai hamma da nauyin ido. Sannan akwai gyangyaɗi, inda kai ke rinjaya ƙasa har haɓa ta kusa taɓa ƙirji, mutum ya zabura ya gyara zama kamar ba shi ba. A kan waɗannan na auna wannan garin kofi da kamfanin Nestlé ya fara sayarwa a Suwizalan a 1938.

Ga magagin safe da nauyin idon da ke biyo bayan tuwon rana, yana aiki sosai. Garin na narkewa nan take a ruwan zafi, kuma cikin kamar rabin awa ido yakan buɗe. Ɗanɗanonsa da ɗaci da ɗan ƙauri, shi ya sa masu shayi ke cika masa madara da sukari. Na fi son zallan garin a kan mai haɗi uku, wato wanda ya zo haɗe da madara da sukari, domin wannan na biyun zaƙinsa ya yi yawa, kuma mai ciwon sukari ba shi da ikon rage shi.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne gyangyaɗin da rashin barci ya haifar. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana kiran barci, kafeyin ɗin da ke cikin kofi kuma toshe masa hanya kawai yake yi, ba ya kawar da shi. Da ƙarfin kafeyin ɗin ya ragu sai barcin ya dawo da nauyinsa duka. Wannan ne ke tayar mini da hankali game da direban da ya taso daga Legas zuwa Kano cikin dare yana dogaro da kofi biyu, domin gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan sitiyari ya isa ya salwantar da rayuka. Irin wannan direba tsayawa ya kamata ya yi ya ɗan runtsa.

Kofi ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 60 na kafeyin, masana lafiya kuma suna ba baligi shawarar kada ya wuce 400 a rana, mai juna biyu kuma 200, a haɗa da goro da shayin da aka sha. Kusan rabin kafeyin ɗin yana nan a jiki bayan awa biyar, don haka wanda ya sha bayan Magariba zai iya kwana yana juyi. Zan ci gaba da sayensa don safiya da bayan Azahar, amma ba na shansa idan La'asar ta wuce.