Injin rauta na Makita, ra'ayina

'Yan uwa kafintoci na Damagaram, wannan ƙaramar rauta (injin sassaƙa bakin katako) ta Makita RT0700C wallahi ta biya kuɗinta, bakin ƙofa da gado tana fidda su sumul ba sai ka sha wahalar goga ba. Amma fa juyi har 30,000 take yi a minti ɗaya, don Allah kar wanda ya canza mata haƙori bai zare fulogi ba, kuma in an ɗauke kuran ka kashe ta nan take kar ya dawo tana kunne. Ka ɗaure katakon tamau, riƙo hannu biyu, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan daga hagu zuwa dama. Sa tabarau, naɗe hannun riga, yaran shago su ja baya.