Katin hoto ko manhajar waya?

Hajiya, kin tambayi abin da zai fi taimaka wa ƙaninki ya nuna ɓacin ransa kuma ya shawo kansa. Tsakanin katin hoto da manhajar waya, ki ɗauki kati don ƙanin naki. Mai jinkirin fahimta da ke fama da larurar ƙwaƙwalwa, in ransa ya ɓaci magana ce ke fara suɓuce masa, amma yatsa ba ya kasa nuni.

Ba sai kin saya ba ma. Ki ɗauki hoton fuskarsa shi kansa, ba zanen wani ba, a wanke girman katin shaida, a yi laminatin, a zura a zoben makulli. Tsarin da Julie Brown ta sauƙaƙa a Amurka daga DBT, hanyar koyar da sarrafa motsin rai ta Marsha Linehan, yana auna ƙarfin abin da mutum ke ji daga 0 zuwa 5, sai dai mataki shida ya yi yawa a farko. Ki fara da kati uku: kore (natsuwa), ruwan ɗorawa (rai ya fara ɓaci), ja (fushi ya yi ƙarfi). A bayan kowane kati aiki ɗaya tak. Ruwan ɗorawa: ya ja numfashi ta hanci, ya fitar a hankali kamar mai hura koko, sau 5. Ja: ya wanke fuska da ruwan randa, ya koma ɗakin da kuka riga kuka zaɓa.

Inda ake ɓata abin shi ne a bari sai ya hau sannan a fito da kati. A lokacin ba ya koyon komai. Ku gwada minti 10 kullum yana cikin natsuwa, bayan la'asar misali, kuma kowa a gidan ya riƙa faɗin kalma iri ɗaya. Ranar da ya ɗaga katin ruwan ɗorawa da kansa, ko da kofi yana hannunsa bai jefa ba, ki yaba masa nan take, kada ki bari sai dare.

Manhaja kuwa, yawanci Turanci ce, tana son caji, kuma karɓe wayar ma wata rigimar ce.

Ki yi hattara da masu tallar “maganin buɗe ƙwaƙwalwa” a Facebook, musamman masu cewa a ajiye maganin asibiti. Idan kuma fushin sabo ne, a fara duba haƙori da taurin bayan gida. In ya kasa zama wuri ɗaya bayan an soma masa haloperidol, wani maganin larurar ƙwaƙwalwa, maganin na iya jawo haka. Ki mayar da shi wurin likitansa, kati ba zai gyara wannan ba.